Lambobin Asibiti: Yadda A Ke Rubuta Komowar Wanda Ya Sha Guba Da Gangan

Yau a cikin shirinmu na kimiyya za mu ɗauko wata magana mai nauyi, wadda galibi ba a son faɗinta a fili, watau maganar mutumin da baƙin ciki ya ci ƙarfinsa har ya sha guba da gangan, aka yi sa'a likitoci suka ceto ransa. Abin da mu ke so mu duba shi ne abin da ke biyo bayan ceton, da yadda asibiti ke rubuta shi.

Da yawa daga cikinku, musamman mazauna Amurka, kun taɓa karɓar takarda daga asibiti ko daga kamfanin inshora, kuka ga waɗansu haruffa da lambobi a jere, ba ku san kansu ba. Ga irin ɗayarsu: T60.0X2D. Mai kallo sai ya ce lambar mota ce. Alhali kuwa in ka san karatunta, labarin mutum ne sukutum: abin da ya sha, da dalilin shan, da kuma inda jiyyarsa ta kai. Kafin mu rabu yau, in Allah ya so, kowa zai iya karanta ta.

Asalin Littafin Lambobi

Bari mu soma daga tushe. A cikin shekara ta 1662 wani ɗan kasuwa na birnin Landan, sunansa John Graunt, ya tattara takardun da a ke rubuta mutuwar mutane mako-mako, ya zauna ya lissafa abin da ya fi kashe jama'a. Aikinsa ya yi amfani ƙwarai, amma ya gamu da wata wahala, domin waɗanda ke duba gawa a zamanin nan tsofaffin mata ne da ba su yi karatun likita ba, kowace ta kan ba ciwo sunan da ta ga dama. To, yaya za a ƙidaya abu guda mai suna goma?

Wannan wahala ita ce William Farr ya tasar wa gyara tun daga 1839, sa'ad da aka ba shi aikin lissafi a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na Ingila. Bayansa sai wani Bafaranshe, Jacques Bertillon, shugaban ofishin ƙididdiga na birnin Faris, ya shirya jerin dalilan mutuwa, masana suka taru a Shikago cikin 1893 suka amince da shi. Daga nan aka riƙa gyara jerin wajen kowace shekara goma. A 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi aikin, kuma a wannan gyara na shida ne aka shigo da cututtukan masu rai, ba na matattu kaɗai ba. Littafin nan shi a ke kira ICD a taƙaice. Gyara na goma an amince da shi a 1990, na goma sha ɗaya kuwa a 2019, ya soma aiki ran 1 ga Janairu 1922 da ƙarin shekara ɗari, watau 2022, ko da ya ke kowace ƙasa tana ƙaura zuwa gare shi a kan nata lokaci.

Amurkawa sun ɗauki gyara na goma, suka faɗaɗa shi har ya kai lambobi wajen 70,000, suka sa masa suna ICD-10-CM, suka fara aiki da shi ran 1 ga Oktoba 2015. Daga cikinsa lambarmu ta yau ta fito. A kowane babban asibiti akwai ma'aikata da aikinsu ke nan. Su akawunan lambobi ne, ba su ba da magani, ba su kuwa taɓa majiyyaci. Su kan karanta abin da likita ya rubuta, su juya shi zuwa lamba.

Karatun Lambar

Yanzu sai kowa ya ɗauki alkalami, mu bi ta dalla-dalla. Tana da gurbi bakwai.

Gurbi uku na farko, T da 6 da 0, su ne ke faɗin dangin abin da aka sha. A cikin littafin nan, daga T36 zuwa T50 an keɓe su ga magungunan asibiti da suka zama guba, daga T51 zuwa T65 kuwa ga abubuwan da galibi tun asali ba magani ba ne. T52 ta ƙunshi su kananzir da fetur, T54 ta ƙunshi abubuwa masu cin nama kamar sodar da a ke yin sabulu da ita, T58 ita ce ta muguwar iskar nan marar wari da ke fita daga janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki. T60 kuwa ta magungunan ƙwari da na ciyawa da na ɓera ce.

Gurbi na huɗu, sifirin da ke bayan ɗigo, ya ƙara tsananta bayani. Ya nuna maganin ƙwarin daga dangin da masana ke kira oganofosfet ne, ko kuwa danginsu na kabamet. Gurbi na biyar, harafin X, ba ya nufin kome. Mai tsaron wuri ne kurum, kamar yadda mutum kan ajiye buzunsa a sahu don kada layi ya rikice.

Gurbi na shida shi ne na niyya, kuma lambobi huɗu ne ke iya zama cikinsa. In 1 ce, tsautsayi ne, kamar yaron da ya ga ruwa a kwalbar lemo ya kurɓa. In 2 ce, mutum ya sha da gangan don ya cuci kansa. In 3 ce, wani ne ya ba shi da mugun nufi. In 4 ce, an bincika an kasa tantancewa.

Gurbi na bakwai shi ne zuciyar maganarmu, haruffa uku ke shiga cikinsa: A, ko D, ko S. Harafin A na lokacin da a ke kokawa da gubar ne. Harafin D na lokacin da aka gama kokawar, mutum yana murmurewa, yana komowa a duba shi. Harafin S kuwa na illar da gubar ta bari ne bayan ta wuce. Ashe ke nan T60.0X2D cewa ta ke yi: wannan mutum ya sha maganin ƙwari na dangi kaza, da gangan, an riga an ceto shi, yau ya komo don a ga yadda ya ke samun sauƙi.

Wani lokaci ba a san ko mene ne aka sha ba. Nan ma akwai lamba, ita ce T65.92XD. Ku lura, a cikinta lambar niyya ta matso gurbi na biyar, X ya koma na shida, domin tilas ne harafin ƙarshe ya tsaya a gurbi na bakwai.

Misali

Bari mu ƙaddara wani saurayi, ba za mu sa masa suna ba. Bashi ya yi masa katutu, ga kewar gida, ga kunyar faɗa wa kowa. Wata rana da dare abin ya fi ƙarfinsa. Abokin kwanansa ya farga, ya kira motar asibiti.

Irin wannan guba aikinta shi ne ta danne wani sinadari da ke tsayad da saƙon jijiya in ya gama isa. Da an danne shi sai saƙo ya yi ta tafiya ba tsayawa, yawu ya yi ta zuba, gumi ya keto, ƙwayar ido ta tsuke, huhu ya cika da ruwa. Likitoci su kan yi ta ba da allurar atirofin har ƙirji ya bushe, in numfashi ya gaza su ɗora mutum a kan inji. Dukan wannan lokaci harafin A ke aiki.

A ce bayan kwana biyu aka ga ya kamata a kai shi wani asibiti mafi girma. Likitan can bai taɓa ganinsa ba, na farko kuma ya riga ya gan shi sau da dama. Wane harafi za a sa? Nan ne sababbin akawuna su kan yi tuntuɓe, su na tsammani A na ganin farko ne, D na gani na biyu. Ba haka ba ne. Ba a ƙidaya yawan zuwa, ba a kuwa duba ko likitan sabo ne. Abin da a ke tambaya ɗaya ne: har yanzu ana yaƙi da gubar? In ana yi, A ce, ko da likita goma suka gan shi.

Aka sallame shi, aka ce ya komo bayan mako guda. Ran da ya komo aka auna numfashinsa, aka gwada ƙarfin hannuwansa da ƙafafunsa, aka zauna aka tambaye shi yadda zuciyarsa ta ke. A ranar ce akawu zai rubuta D. Akwai waɗansu lambobi masu farawa da Z da a ke sa wa mai komowa bayan an yi masa aiki, amma ƙa'idar littafin Amurka ta hana a yi amfani da irinsu a kan rauni ko guba. An ce a riƙe lambar gubar, a sāke harafin ƙarshe kaɗai. Hikimar wannan a fili ta ke, domin duk likitan da ya buɗe takardar zai ga asalin abin da ya faru, ba sai ya yi ta tone-tone ba. In kuma likita ya gane akwai ciwon baƙin ciki mai tsanani, shi ma ana ba shi tasa lamba a gefe, don a yi maganinsa.

Harafin S kuwa, misalinsa mafi sauƙi shi ne na wanda ya haɗiyi sodar sabulu. Ƙunar ta kan warke, amma bayan makonni tabo ya kan tsuke hanyar abinci, har tuwo ya ƙi wucewa. A nan lamba biyu a ke rubutawa. Ta farko K22.2, watau tsukewar hanyar abinci, ta biyu T54.3X2S, wadda ke faɗin abin da ya jawo tsukewar. Ita illa ba a yanka mata wa'adi ba, ko bayan shekaru ta bayyana harafin S ne nata.

Masu sauraronmu na Ingila da sauran ƙasashen da ke bin littafin Hukumar Lafiya ta Duniya na asali, gyara na goma, ba za su ga wannan harafi na bakwai ba. A can lamba biyu a ke haɗawa: T60.0 ta faɗi gubar, X68 ta faɗi cewa da gangan ne. In tsautsayi ne X48 za a sa. Illar da ta biyo baya kuwa tana da nata lambobi, T97 da Y87.0. Hanya ce dabam, amma gari ɗaya za ta kai ka.

Me Ya Sa Komowa Ta Ke Da Muhimmanci?

Wani zai ce, tun da an ceto rai, me ya rage? Abu biyu suka rage, ɗaya na jiki, ɗaya na zuciya.

Na jiki shi ne guba ba ta tafiya gaba ɗaya. A 1987 waɗansu likitoci biyu na ƙasar Siri Lanka, Senanayake da Karalliedde, suka bayyana wani hali da ke samun waɗanda suka sha wannan irin maganin ƙwari. Mutum ya farfaɗo, har ya yi magana, kowa ya ce an tsira, sa'an nan tsakanin kwana ɗaya zuwa huɗu sai wuyansa ya saki, naman da ke jan numfashi ya gaza. Saboda haka ne likita ba ya gaggawar sallama, ko da dangi sun matsa. Waɗansu kuma sai bayan mako biyu ko uku su ji ƙafafunsu sun yi sanyi, tafiya ta gagara, don jijiyoyin sun taɓu. Wanda muguwar iskar janareta ta bugar shi ma ya kan warke sarai, bayan kwanaki ko makonni mantuwa da ruɗewa su taso. In ba a komo asibiti ba, wa zai gane waɗannan da wuri?

Na zuciya ya fi wannan nauyi. Abin da ya kai mutum ga shan guba yana nan yana jiransa a gida. Binciken da aka yi, galibi a ƙasashen Turai, ya nuna wajen mutum ɗaya cikin shida na waɗanda suka cuci kansu su kan sāke cikin shekara guda, kuma makonnin farko bayan sallama su ne mafi hatsari. Amma ga abin farin ciki: mafi yawansu nesa ba kusa ba su kan rayu, su wuce wannan hali, su ci gaba da zamansu.

An kuwa gwada, an ga kulawa kaɗan tana yin aiki babba. Wani likita a birnin San Faransisko, Jerome Motto, ya ɗauki mutum 843 da aka sallama suka ƙi komowa jiyya, ya raba su biyu. Rabin farko ya riƙa aika musu da 'yar gajeriyar wasiƙa lokaci-lokaci har shekara biyar, ba wa'azi, ba neman kome, gaisuwa kaɗai da tambayar lafiya. A shekaru biyun farko waɗanda suka kashe kansu a cikin masu samun wasiƙa ba su kai na ɗaya rabin ba. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi irin wannan gwaji a ƙasashe biyar, Birazil da Indiya da Siri Lanka da Iran da Sin, a kan mutum 1,867, aka buga sakamakon a 2008. Waɗansu an zauna da su awa guda an yi musu bayani, aka riƙa leƙa su ko kiransu ta waya sau tara cikin wata 18. A cikinsu wajen mutum 2 cikin dubu ne suka kashe kansu. A cikin waɗanda aka bari kan jiyyar da aka saba kuwa, wajen 22 cikin dubu. Ku duba fa, sallama da tambayar lafiya ke nan, abin da Bahaushe ya gada tun kaka da kakanni.

To, in asibiti yana so ya san ko mutanen da ya ceto su na komowa, ina zai duba? Sai ya ƙidaya masu A, ya ƙidaya masu D. In masu A ɗari ne, masu D ashirin, lalle an san akwai mutum tamanin da suka ɓace a hanya, sai a tashi a neme su.

Gaskiya A Gaban Likita

Akwai wata ƙa'ida a littafin Amurka da ya kamata ku sani. In likita bai rubuta niyya ba, akawu ba shi da ikon yin kintace, tilas ya sa 1, watau tsautsayi. Lamba 4 ba a sa ta sai likita da kansa ya rubuta cewa an kasa tantancewa. Wannan ƙa'ida tana kare mutane daga zato, amma tana da ɓaraka. Dangi da yawa, saboda kunya, su kan ce wa likita kuskure ne, ya ɗauka maganin tari ne. Da an rubuta haka, shi ke nan, za a wanke jiki a sallami mutum, ba wanda zai tambayi zuciyarsa. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da aka faɗa wa likita amana ce a hannunsa, dokokin ƙasashe da dama kuwa sun tsare sirrin majiyyaci.

Ban da kunya akwai tsoron hukuma, domin a waɗansu ƙasashe doka tana ɗaukar yunƙurin kashe kai laifi. Ingila ta soke irin wannan doka a 1961, Pakistan a 2022, majalisar Gana kuwa a 2023. Ɗaya daga cikin hujjojin masu sokewa ita ce, mutumin da ke tsoron kurkuku ba zai faɗi gaskiya a asibiti ba, wanda bai faɗa ba kuwa ba za a taimake shi ba.

In aka tara lambobin nan na ƙasa duka, sai su nuna abin da idon likita ɗaya ba ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu kowace shekara, wajen kashi ɗaya cikin biyar kuwa da maganin ƙwari ne, galibi a ƙauyukan manoma. Siri Lanka ta duba lissafinta, ta ga waɗansu 'yan magunguna ƙalilan su ne ke yin yawancin ɓarnar. Ta soma hana su a 1984, ta ƙara a 1995 da 1998, ta kuma ƙara daga 2008 zuwa 2011. Tsakanin 1995 da 2015 yawan masu kashe kansu ya ragu da wajen kashi 70 cikin ɗari, masana sun ƙiyasta rai 93,000 aka tsirar, amfanin gona kuma bai faɗi ba. Dalili kuwa, yawancin masu yin haka cikin zafin zuciya na ɗan lokaci su ke yi. In abin da ke kusa da hannu bai zama mai kisa nan take ba, zafin ya kan wuce, mutum ya rayu. Ba don an rubuta daidai an kuma ƙidaya daidai ba, da ba a gano wannan ba.

Abin Da Za Mu Riƙe

In aka sallami wani naku bayan irin wannan abu, kada a bari ranar komowa ta wuce, wani ya raka shi. A kwashe magungunan ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan, ko a kulle su, mabuɗi ya zauna hannun wani. Kada a zuba guba a kwalbar abin sha. In aka ga rauni a gaɓoɓi, ko wahalar haɗiya, ko ta numfashi, ko ruɗewa, a koma asibiti nan da nan. In kuwa aka iske wani ya sha guba, kada a sa shi amai, kada a tsaya ba shi manja ko madara, a ɗauke shi tare da kwalbar a ruga asibiti. Sa'an nan a riƙe harshe. Gori da zargi ba su taɓa warkad da kowa ba. A zauna da shi, a saurare shi, a tambaye shi kai tsaye ko tunanin nan yana komo masa, domin tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sauƙi ma ta ke kawowa.

Kai kuma mai sauraro, in kai ne duniya ta yi wa ƙunci a wannan dare, kada ka zauna kai kaɗai da abin. Faɗa wa ɗan'uwa, ko aboki, ko malaminka, ko likita. Mazauna Amurka su na iya buga 988, mazauna Ingila 116 123, dare ko rana, akwai mai amsawa. A sauran wurare, asibiti mafi kusa ƙofarsa a buɗe ta ke.

A nan za mu dakata. Wanda ke da tambaya a kan abin da ya ji, ya rubuto mana kamar yadda aka saba, za mu amsa a shiri na gaba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya yaye wa mai damuwa damuwarsa. Mu kwana lafiya.